Maganar da Murja Ta Ji a Kan Bene

Misfala, Makka
Watan Rajab

Zuwa ga Yaya Maharazu,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da iyali da jikoki duka. Mu nan alhamdu lillahi. Gwiwa ce kawai take damuna, yanzu a kan kujera nake salla, benen gidan nan kuwa sai na yi ta hutawa kafin in kai sama. 'Yata Haifa tana Madina da mijinta, lafiya lau.

Na san za ka yi mamakin ganin rubutuna, tunda rabonmu da juna tun zuwana Funtuwa gaisuwar rasuwar Inna. Amma kakarka da kakata ciki ɗaya suka fito, kuma kai ne ka koyar da tarihi har ka yi ritaya, don haka ban ga wanda zan kai wa maganar nan ba sai kai. Da hannuna na rubuta, na ba Hajiya Ruƙayyatu mai fataucin umara ta kawo maka. Ban yi ta waya ba, saboda ɗana Rakan ne yake gyara min wayar in ta rikice, komai yana gani. Don Allah kada kowa ya karanta sai kai.

A kan Rakan ɗin ne. Ka san shi yana rarrafe, yanzu ya kai ashirin da bakwai, yana aiki a wani kantin magani a Jidda, ƙarshen mako yake zuwa gida. Tun rasuwar babansa Mukhtaru shi ne namijin gidan.

Ranar Juma'a bayan la'asar na hau bene kwashe shanya, sai na tarar da shi a bayan tankin ruwa yana waya da Larabci. Bai gan ni ba. Larabcina na kasuwa ne da na maƙwabta, amma shekara talatin a garin nan ba ta bar ni kurma ba. Da kunnena na ji ya ce, "Gaskiya ne, ba a sami sunan Musa a duwatsun Masar ba, ko ɗaya." Ya yi shiru yana saurare, sannan ya ce, "Dawuda tatsuniya, Isa kuma ƙago shi aka yi. To, sai me?" Haka ya kira sunayensu gatsau, ba alaihissalam, kamar yana kiran yaran unguwa. Na bar kayan a igiya na sauko.

Da ya koma Jidda na shiga ɗakinsa. Na ga littattafan Turanci masu hotunan fasassun duwatsu, ɗaya har da gicciye a bangonsa. Ban taɓa komai ba.

Yaya, yaron nan yana salla. Ranar ma shi ya kai ni Harami a keken guragu. To wace salla ce mutum zai yi yana cewa annabawa tatsuniya ne? Kuma nan ba Funtuwa ba ce, irin wannan magana ba a ɗaukar ta da wasa. In wan babansa Abdullateef ya ji, zai tara dangi a kansa, kuma ban san inda abin zai tsaya ba.

Ka faɗa min, me yake karantawa? Wane ne ya ce babu Annabi Musa? Me zan yi?

Ƙanwarka,
Murja

*

Funtuwa
Watan Sha'aban

Ƙanwata Murja,

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Takardarki ta iso, na karanta ta ni kaɗai kamar yadda kika ce. Mu ma lafiya, sai ido da ya fara yi min hazo, har sai na kai takarda bakin ƙofa nake ganin rubutu. Allah ya ba ki sauƙin gwiwa. Ki rage hawan benen nan, shanya ba ta kai ƙafarki ba.

Kin yi min tambaya ta malanta, bari in ba ki amsa ta malanta, ki yi haƙuri da tsawonta.

Masu tarihi irin na boko suna da ƙa'idarsu. Ba sa tambayar ko littafin addini gaskiya ne. Abin da suke tambaya shi ne, ban da littafin, akwai wani abu daga wancan zamani da ya ambaci mutumin? Dutse mai rubutu, ko takardar wani sarki, ko maganar wani abokin gaba. A kan wannan ake ta muhawara tsakanin Yahudawa da Kiristoci da waɗanda ba su da addini ma, tun kafin a haife mu.

Game da Annabi Musa, abin da Rakan ya faɗa ba ƙarya ba ne. Har yau ba a tono wani rubutu na Masar ta dā mai ɗauke da sunansa ba. Akwai dai wani dutse da wani Fir'auna ya sa aka rubuta yana taƙamar yaƙe-yaƙensa, a ciki ya ambaci wasu mutane da ake kira Isra'ila. Mutanen sun fito, shugabansu bai fito ba. Annabi Ibrahim ma haka, babu komai a ƙasa.

Annabi Dawuda kuwa, lokacin da nake ɗalibi akwai malaman da suke cewa ƙila labari ne kawai. Daga baya aka tono ɓallin wani dutse a arewacin ƙasar da ya mulka, wani sarki maƙiyin mutanensa ya rubuta shi, ya ambaci "gidan Dawuda". Yawancin masana haka suka karanta kalmar, kaɗan sun ce a'a. Ke dai ki ga yadda magana take juyawa da ɓallin dutse ɗaya.

Annabi Isa shi ne ya fi sauƙi. Kusan duk masu tarihi, masu imani da marasa shi, sun yarda ya rayu. Wani marubuci Barume, wato ɗan Rum, da wani Bayahude, waɗanda ba mabiyansa ba ne, sun ambace shi ba da daɗewa sosai ba bayan zamaninsa. Masu cewa ƙago shi aka yi sun fi yawa a waya, a cikin malaman fannin kaɗan ne ƙwarai.

Shawarata, ki ƙyale yaron nan. Kada ki faɗa wa Abdullateef, kada ki tsare shi da faɗa. Ni ma na bi ta wannan hanya ina saurayi, kuma ban dawo yadda na tafi ba. Abokin da na fi yin irin wannan hira da shi wani fasto ne da muka koyar tare, har ya rasu muna musu muna cin gyaɗa a ofis ɗaya.

Hajiya Ruƙayyatu tana jira a mota, dole in tsaya nan. Ki gai da Rakan, ko da ba za ki ce masa daga ina gaisuwar ta fito ba.

Yayanki,
Maharazu

*

Misfala, Makka
Watan Azumi

Yaya Maharazu,

Assalamu alaikum. Ina maka barka da shan ruwa. Lafiyar jiki da sauƙi.

Na karanta takardarka har na kusa haddace ta. Na kawo maka kukan ɗana, sai ka ce min bai yi ƙarya ba. Ka ce kai ma ka bi hanyar ba ka dawo yadda ka tafi ba. Ashe wanda na kai wa ƙara shi ma yana can. Da na sani da ban buɗe bakina ba. Kuma har kana ba ni labarin fasto, kamar abin alfahari.

Ni ban yi karatunku ba, amma bari in tambaye ka. Gidan da aka haifi Mukhtaru a unguwar Nakkasa, inda na shiga amarya, inda na haifi Rakan, an rushe shi tare da layin gaba ɗaya. Bara na sa aka kai ni wurin, ban gane ko inda ƙofarmu take ba. Kakar Mukhtaru da ƙafa ta zo daga ƙasar Hausa, ta yi shekaru a hanya, an binne ta a nan ba suna a kabarinta. Ba dutse, ba takarda. To ba ta rayu ba kenan? In wani ya zo da shebur bayan shekara dubu bai same ta ba, sai ya rubuta a littafi cewa tatsuniya ce? Kuma kana jira Fir'auna ya sa a sassaƙa sunan mutumin da ya kunyata shi a bangon gidansa?

Ban bi shawararka ba. Ana gobe azumi na zaunar da Rakan na ce masa na ji abin da ya faɗa a bene. Fuskarsa ta canza. Ya ce, "Ummi, laɓe kike min?" Na ce ba wannan na tambaye ka ba, ka ce min kai Musulmi ne ko ba Musulmi ba. Ya ce da Hausarsa mai gargada, "In har ke kika tambaye ni haka, ba ni da amsa." Na ce to wa kake yi wa maganar? Ya ce amana ce, ba zai faɗa ba. Na ce kada ya ƙara jan mu salla a gidan nan sai ya faɗa. Ya ɗauki jakarsa ya sumbaci kaina ya fita.

Tun ranar bai zo ba. Yana aiko da direba da kayan buɗa-baki, sambusa da dabino da maganin gwiwata, amma shi bai zo ba. Ni kaɗai nake shan ruwa, ina jin kiran salla daga Harami. Abdullateef ya fara tambaya. Na ce aiki ne ya yi masa yawa.

In kana da abin faɗa ban da duwatsu, ka faɗa. In babu, ka yi mana addu'a, in har kana yi.

Murja

*

Misfala, Makka
Ƙarshen Shawwal

Yaya Maharazu,

Assalamu alaikum. Barka da salla, ko da ta wuce. Ina fata kowa lafiya.

Hajiya Ruƙayyatu ta zo ta koma, ta sake zuwa, ba ta kawo min komai ba. Ta ce ta ba da takardata a ƙofar gidanka, ba ta gan ka ba. Na san na yi maka magana mai zafi, musamman ta ƙarshen. Kai babba ne, ko ka yi fushi kada ka yi min shiru yanzu.

Rakan ya zo ranar salla. Ya gaishe ni, ya ci abinci kaɗan, ya rame sosai. Da lokacin azahar ya yi sai ya fita masallacin unguwa, bai tsaya a falo kamar yadda ya saba ba. Ban san ko in yi murna ya je masallaci ba, ko in yi kuka don ni na kore shi daga dardumar babansa.

Abdullateef ba yaro ba ne. Ya lura ba ma kallon juna. Ya ce yanzu hankalinsa yana kan aikin Mina, tunda shi yake kula da wasu tantunan alhazai, amma da zarar an sauko daga hajji zai zaunar da mu ya ji abin da ya haɗa uwa da ɗa. In ya tambaye ni a gaban mutane, ƙarya ba zan iya ba, gaskiya kuma tana iya hallaka yaron.

An kusa rufe umara, wannan ce tafiyar Hajiya ta ƙarshe kafin hajji. In za ka amsa, ka nemi wani alhaji daga Funtuwa.

Ƙanwarka,
Murja

*

Funtuwa
Watan Zulƙida

Ƙanwata Murja,

Wa'alaikumus salam. Ki kwantar da hankalinki, ban yi fushi ba, ban ma san akwai abin fushi ba sai makon nan. Yanar ido aka cire min, ɗaya bayan ɗaya, aka hana ni karatu. Takardunki biyu suna ƙarƙashin matashina duk wannan lokaci. 'Yata ta ce ta karanta min, na ce a'a, mai rubutun ta ce kada kowa ya gani. Yanzu alhamdu lillahi ina ganin har ƙudan da ke kan labule. Wannan zan ba maƙwabcina da zai tashi a jirgin alhazai na farko.

Na karanta ta azumin na yi dariya, sannan na ji kunya, don laifin alƙalamina ne. Hajiya tana danna min hon na rubuta rabin magana. Da na ce ban dawo yadda na tafi ba, nufina na tafi da imanin gado, wanda tambaya ɗaya take girgiza shi, na dawo da wanda na san inda yake tsaye. Murja, ban bar salla ba tun ina ɗan shekara goma, kuma ina yi muku addu'a da sunayenku.

Maganarki ta Nakkasa da kakar Mukhtaru, ita ce rabin da ban rubuta ba. Ƙasa tana riƙe sunan sarakuna masu kuɗin biyan masassaƙa, ba ta riƙe sunan makiyaya da bayi da matafiya. Rashin samun abu a rami ba ya nuna abin bai faru ba. Amma ki bar ni in tsaya a kan nawa rabin ni ma. Bai kamata mu ce an samu abin da ba a samu ba don mu ji daɗi. Na ga masu wa'azi, namu da na Kirista, suna nuna hoton wata ƙafar keken doki a ƙarƙashin teku suna cewa ta rundunar Fir'auna ce. Yaro mai wayo in ya bincika ya ga ba haka ba ne, sai ya ce ashe duk sauran ma ƙarya ce. Irin wannan ya fi cutar da imani a kan littattafan da kika gani a ɗakin Rakan. Mu mun yarda da Annabi Musa saboda wahayi, ba saboda shebur ba. In shebur ya kawo wani abu, madalla. In bai kawo ba, ba da shi muka fara ba.

Yanzu ga abin da ya tsaya min a rai. Na sake duba takardarki ta farko da sabon idona. Kin ce ya faɗi "Dawuda tatsuniya, Isa ƙago shi aka yi," sannan ya ce "To, sai me?" Na yi shekaru ina musu da mutane, kuma wannan ba muryar mai kafa hujja ba ce. Ta fi kama da ta wanda yake maimaita maganar wani don ya amsa ta. Kin ji rabin hira ne, kamar yadda kika karanta rabin maganata. Kuma ya ce miki amana ce. Wanda ya bar addini ba ya kiran abin amana.

Ban ce na sani ba, ƙila na yi kuskure. Amma kada ki jira Abdullateef. Kada ki kira Rakan gida ki tsare shi a falo, ke ki je inda yake. Kada ki sake tambayarsa ko shi Musulmi ne. Ki tambaye shi ko mutumin da yake yi wa magana lafiya yake.

Yayanki,
Maharazu

*

Misfala, Makka
Watan Muharram

Yaya Maharazu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Barka da arziki, Allah ya ƙara wa idon haske. Mu ma lafiya, har gwiwar ta yi sauƙi, ko kuma ni ce na daina jin ta. Maƙwabcinka ya kawo takardar har ƙofa, na ba shi zamzam da dabino ya kai maka. Ka yafe min abin da na rubuta a azumi.

Na yi yadda ka ce, amma sai da alhazai suka ragu hanya ta buɗe. Na sa Haifa ta zo daga Madina ta raka ni a jirgin ƙasa. Ban faɗa mata komai ba, na ce ina son ganin inda wanta yake aiki. Muka isa da hantsi. Yana bayan kanta da farar riga yana ba wata mata magani, da ya ɗago ya gan ni da sanda sai kwalin ya faɗi daga hannunsa. Ya kai mu wani ɗan ɗaki a baya inda suke shan shayi, Haifa ta fita sayo ruwa.

Na ce masa, "Ban zo faɗa ba. Wanda kake yi wa magana ran nan, lafiya yake?"

Yaya, sai yaron nan ya sa hannu ya rufe fuska. Na bar shi har ya gama kuka. Ya ce, "Yanzu da sauƙi, Ummi. Jira in tambaye shi ko ya yarda ki sani."

Ya fita, ya dawo da wani mutum mai furfura a gefen kai, zai yi hamsin. Sunansa Girgis, ɗan Masar ne, Kirista, shi ne babba a kantin, shi ya koya wa Rakan aikin. Ya gaishe ni da ladabi ya zauna a bakin kujera. Shi da kansa ya ba ni labarin, Rakan yana fassara min inda Larabcin Masar ya fi ƙarfina.

'Yarsa ɗaya tilo, Abir, ta rasu bara a hatsarin mota a ƙasarsu, saura kaɗan ta gama jami'a. Kafin ya sami jirgi an binne ta. Ya dawo aiki ya daina barci, ya kama kallon masu magana a waya da suke cewa babu Musa, babu Dawuda, babu Almasihu, duk ƙage ne. Ya ce min, "Hajiya, in babu Almasihu to babu tashin matattu, in babu tashi to 'yata ƙasa ce kawai. Me nake jira?" Ya faɗa wa Rakan haka wata rana suna jera magani, kuma makullin kabad ɗin magunguna masu ƙarfi a aljihunsa yake. Ya sa Rakan ya rantse ba zai faɗa wa kowa ba, don in mai kantin ya ji zai sallame shi.

Rakan ya ce in ya kawo masa aya, sai ya ce wannan littafinku ne. In ya ce ya karanta nasa, sai ya ce shi ne ai ake cewa ƙage. Shi ya sa ya sayo waɗannan littattafan, na mutanen da ba ruwansu da addinin kowa, ya zauna yana haƙilo da Turanci. Duk abin da Girgis ya kawo sai ya je ya bincika. Inda babu shaida ya ce masa babu, don kada ya kama shi da ƙarya ya daina sauraronsa. Inda akwai ya nuna masa. Dutsen gidan Dawuda da ka faɗa, da marubucin nan Barume, har da wani dutse mai sunan gwamnan zamanin Annabi Isa, Bilatus, duk ya nuna masa. Ranar da na hau bene, Girgis ne ya kira shi cikin mummunan hali, shi kuma yana ta jan sa da magana don kada ya kashe wayar. Da ya bar gida saboda faɗana, ɗakin Girgis ya koma da kwana. Ya karɓe makullin, kuma shi ya matsa masa har ya je ganin likita.

Girgis ya ce, "Ba duwatsun ne suka riƙe ni ba, Hajiya. Na ga yaro Musulmi yana azumi, yana hana kansa hutu don ya tabbatar min Almasihuna ya taka ƙasa. Sai na ji kunyar mutuwa." Ya ce har yanzu bai san ko imaninsa ya dawo duka ba, amma ya fara kiran matarsa kullum, kuma zai tafi hutu ya ga kabarin.

Ban san lokacin da na fara kuka ba. Na ce wa Rakan me ya sa ba ka ce min ko da taimakon wani kake yi ba? Ya ce ya so ya faɗa, amma tambayar da na fara yi masa ta toshe masa baki.

Ba zan ɓoye maka ba, ba komai ne ya koma daidai ba. A jirgi muna dawowa, don tare muka dawo, ya ce min karatun ya bar masa tambayoyi shi ma. Ya ce marubucin da ya kafa hujja da shi cewa Annabi Isa ya rayu, shi ne kuma ya ce an kashe shi, mu kuwa ba haka muka yarda ba. Ya ce yaya zai ɗauki rabin maganar mutum ya bar rabi? Wannan karon ban yi masa faɗa ba. Na ce ni dai abin da aka koya min shi ne ba a kashe shi ba, an kamanta musu ne, to wanda aka kamanta wa ai abin da ya gani zai rubuta. Ya ce shi ma haka ya yi tunani, amma yana son ya ji daga wanda ya karanta fannin. Na ce kana da kawu a Funtuwa, tsohon malamin tarihi, ya fi ka son musu. Ya yi mamaki, bai san da kai ba. Na ba shi lambarka. Hausarsa ba ta da yawa, Turancinsa na littafi ne, sai ka yi haƙuri da shi. Kuma inda ba ka sani ba ka ce masa ba ka sani ba, na ga ya fi yarda da mai faɗin haka.

Abdullateef ya zo kamar yadda ya ce, ya ƙone da ranar Mina. Ya tarar da Rakan yana jan mu magariba a falo, ya bi sahu. Bayan sallama ya ce, "To me ya faru tsakaninku?" Na ce abokin aikinsa ne ya yi rashi, ya je ya zauna da shi, ni kuma na yi fushi ban san dalili ba. Ya ce, "Shi ke nan? Kin cika rigima, Murja." Ya sha shayi ya tafi. Ban yi ƙarya ba ko kalma ɗaya.

Abu ɗaya ya rage da nake son ka sani. Da za mu fito daga kantin, Girgis ya raka mu bakin titi. Ya tsaya yana murza hannu, sannan ya ce shi ba zai taɓa shiga Makka ba, amma ya ji gidana kusa da Harami yake, ko zan ambace shi a can? Na ce zan yi.

Jiya da safe Rakan ya tura ni a keke har cikin Harami, ya tsayar da ni inda nake ganin Ka'aba sosai, ya koma gefe. Na ɗaga hannu, ban san yadda ake yi wa irinsa addu'a ba, ban taɓa yi ba. Sai na ce, ya Allah, ga Girgis, bawanka ne, ka ɗauke masa 'yarsa, ka fi ni sanin abin da yake buƙata. Ka ba shi haƙuri, ka ba shi barci, ka shiryar da mu da shi. Na juyo na ga Rakan ya ji, don ya ce amin.

A gai da kowa da kowa.

Ƙanwarka,
Murja